Gwiwa Ɗaya a Jirgi: Shekaruna na Tsere a Tafkin Jabi

Yaron da aka haifa a Yelwan Yawuri ba zai iya faɗa maka ranar da ya koyi tuƙin jirgi ba. Tasowa yake yi ya tarar da filafili a hannunsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, masunci ne. Kakana kuma yana cikin waɗanda ruwa ya tasa daga gungunsu lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka sauya wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, tsohuwar Busa ta nutse. Mu da muka zo daga baya labarin gungun kawai muka ji, amma ruwan da ya cinye shi, shi ne filin wasanmu. Tun ba mu mallaki hankalin kanmu ba muke tsallakar da mata 'yan kasuwa, muna kai wa iyayenmu abinci inda suka kafa taru. In iska ta kaɗa daidai kuwa, sai mu ɗinke buhunan shinkafa mu ɗaura a gora, mu miƙe ƙafa, ita ta kai mu gida.

Tsere ba sai an shirya shi ba. Da zarar jirgi biyu sun jeru a hanyar komawa, hira ta ƙare ke nan, sai dai ka ji filafilai suna saran ruwa. Babbar ranarmu ita ce ta Rigata. Manya suna ba mu labari cewa asalinta atisayen mazajen Gungawa ne, masu shiga ruwa riƙe da mashi su tunkari dorina, har Turawa suka hana farautarta, abin ya koma nuna bajinta a gaban sarki da manyan baƙi. Abin da na gani da idona dai shi ne dogayen jirage maƙare da matuƙa, makaɗi a tsakiya, mai kirari a tsaye a goshin jirgi, mata a gaɓa suna rangaɗa guɗa. Babu agogo, babu layi. Wanda ya riga isa shi ne gwani, in gardama ta tashi Sarkin Ruwa ya raba.

Neman abinci ne ya kawo ni Abuja a 2005. Kawuna yana da rumfa a kasuwar kifi ta Kado, shi ya aika a turo masa ni in riƙa taya shi gyaran kifi da ɗaukar kaya, muka zauna a Daki Biyu. Watannin farko ban ji daɗin garin ba ko kaɗan. Duwatsu ne da kwalta da gine-gine, duk inda ka juya ba ka jin warin laka. Sai da wani ɗan garinmu ya ja ni muka gangara bakin tafkin Jabi sannan numfashina ya daidaita. Tafkin tare shi aka yi: an datse rafin ne a farkon shekarun 1980 don sabon birnin ya samu ruwan sha, kafin madatsar Usuma da ke wajen Ushafa ta karɓi wannan aikin. Daga nan aka bar shi ga masunta da masu shan iska. A lokacin babu katafaren kantin nan na Jabi Lake Mall, wanda sai a 2015 aka buɗe shi. Ciyawa ce da kainuwa da 'yan bukkokin masunta, da yawansu mutanenmu ne, 'yan Yawuri da Argungu da Nufawa.

A ƙarshen wannan shekarar aka yi bikin Kanibal na Abuja na farko, zamanin Shugaba Obasanjo, kuma cikin shagulgulansa, ban da hawan daba da jerin gwanon jihohi, har da wasan jirage a Jabi. A nan na fara ganin jiragen mutanen Ribas da Bayelsa da Delta, da tutocinsu da gangunansu da jikinsu shafe da farar ƙasa. Yarensu daban, kiɗansu daban, amma yadda suke haɗa sara ɗaya su tura jirgi gaba, irin namu ne sak. Na koma gida ranar ina ta ba Kawu labari har ya gaji da ni.

Sai bayan wasu shekaru na san akwai wani tseren daban, wanda ba ganga a cikinsa. Wani dattijon masunci ne yakan ara mini jirginsa da asuba in zaga masa komarsa. Ina cikin wannan zagaye na fara lura da wasu samari cikin wasu irin jirage sirara, kamar an tsaga gwangwala biyu an ɗora mutum a kai, suna wuce ni fuu, ba ƙara ba fantsama. Jinin Yawuri ya motsa, na bi bayansu da jirgin katako iya ƙarfina. Ban kamo su ba, amma mai horar da su ya gani daga gaɓa. Tsohon sojan ruwa ne, mutumin Kudu, yana jin Hausar bariki. Ya yafito ni.

"Kai, ɗan ina ne?"

"Yawuri, Oga."

"Ka iya ruwa?"

Na ce na iya. Ya ce, "To gobe da asuba ka zo, mu gani."

Kawu bai so ba da farko. Ya ce, "Ɗan nan, wasan ruwa za ka bar mini rumfa dominsa?" Da na dage, ya ce ya yarda, muddin ƙarfe takwas ta same ni a bakin aiki. Har na bar tseren ban saɓa wannan alkawari ba, kuma ina ganin rabin tarbiyyar da na samu daga nan ta fito.

Jiragen tsere iri biyu ne. Akwai kayak, wanda ake zama a ciki a miƙe ƙafa, filafilinsa mai baki biyu, ana sarrafa shi da ɗan sitiyarin da ke ƙarƙashin ruwa, da yatsun ƙafa. Akwai kuma kanu, wanda ake durƙusawa a kan gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, filafili mai baki ɗaya, tuƙi a gefe ɗaya tak daga farko har ƙarshe. Jirgin mutum ɗaya tsawonsa ba ya wuce mita 5 da santimita 20, kayak ɗin kuma doka ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 12, wato yaro ma zai iya saɓa shi a kafaɗa. Mu da muka saba da jirgin da sai ƙarti sun taru ake tura shi ruwa, wannan abin mamaki ne. Koci, wato mai horar da mu, ya dube ni ya ce ni ɗan kanu ne, kuma ɗan dama, mai tuƙi a gefen dama.

Babu wanda yake hawa wannan jirgi ya zauna lafiya a makonnin farko, ko ɗan wane ne. Kana ɗaga filafili zai juye da kai. Ka fito, ka ja shi gaɓa, ka zubar da ruwa, ka sake hawa. A nan ake gane wanda zai daɗe. Gwiwar da ake durƙusawa a kanta tana ɗaye fata, ta yi ruwa, ta warke, ta yi kanta. Kowa yana da guntun sosonsa da ya fafe daidai da gwiwarsa, kuma ba a aron sa. Za ka iya ara wa mutum rigarka, ban da wannan soso. Tafin hannu ya yi bororo, ya fashe, ruwan tafki ya shiga. Da rana kuma ga wuƙa da ƙanƙarar kifi suna jirana a Kado.

Abu ɗaya na zo da shi daga gida wanda ya ba Koci sha'awa. Mai tuƙi a gefe ɗaya, jirginsa kullum yana son karkata ɗaya gefen. Maganin haka shi ne a ƙarshen kowace sara ka murɗa wuyan hannu, bakin filafili ya juya waje, ya dawo da goshin jirgi kan hanya, duk cikin ƙiftawar ido. Yaran birni sukan yi watanni suna fama da wannan murɗi. Mu kuwa da shi muke riƙe jirgi a kogin Kwara tun muna ƙanana. Abin da ban zo da shi ba shi ne sanin inda ƙarfi yake fitowa. A gida da damtse muke tuƙi. Koci yakan biyo mu cikin ƙaramin jirgin inji yana ɗaga murya: "Ɗan Yawuri, ba ruwa za ka jawo ba! Kafa filafili, ka jawo jirgin zuwa wurinsa!" Sai ka miƙa jiki gaba har ƙirji ya kusa taɓa cinya, ka soka bakin filafili gaba ɗaya kafin ka ja, sannan ƙugu da ƙafar gaba da gadon baya su yi aikin, hannu riƙo kawai yake yi. Ranar da jikina ya gane wannan, na ji jirgin ya ɗago ya zame a ƙarƙashina, ƙarar ruwan ma ta sauya. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ranakunmu kusan iri ɗaya ne. Mu yi sallar asuba, mu yi gudu a gefen titin Alex Ekwueme kafin motoci su fito, mu sauke jirage. Wata rana dogon zango a hankali, daga wannan ƙarshen tafki zuwa wancan, a yi ta kai da komowa har rana ta ɗago. Wata rana gajerun zanguna da usur: a tashi da ƙarfi, a huta kaɗan, a sake, har mutum ya ji ɗanɗanon jini a maƙogwaro. Da yamma, ga wanda aiki ya bari, ɗaga ƙarfe. Ƙarafanmu mu muka haɗa abinmu, siminti a cikin gwangwanayen fenti da sandar ƙarfe a tsakiya, sai reshen bishiya da muke lilo a jikinsa muna ɗaga kanmu. Jiragen ba su ishe mu ba, bi da bi ake hawa, kuma duk sun sha faci. In jirgi ya tsage, mu kankare wurin, mu shimfiɗa zaren gilashi, mu shafa gam, mu bar shi a rana. Warin gam ɗin nan, da na ji shi a garejin masu gyaran mota, Jabi nake tunawa.

Tafkin yana da halinsa na kowane lokaci. Da hunturu hazo yakan rufe shi har ba ka hango gaɓar Kado, iskar arewa maso gabas tana buga ka a gefe, yatsu su ƙage a jikin filafili, leɓe ya tsage. Ga ɗan dama da ɗan hagu iska ɗaya ba hukunci ɗaya take yi ba: wadda ta taimaki wancan, ni ita ke tura goshin jirgina waje, sai na ninka murɗi. Da bazara kuwa, wajen Afrilu, ruwan yakan kwanta lumui da safe, a nan ake samun lokaci mai kyau a agogo. Amma hadarin farkon damina ba ya sallama. Doka ce, da an ga walƙiya kowa ya nufi gaɓa mafi kusa, ba gardama. Bayan ruwan sama kuma kwatocin unguwanni su kwararo da robobi da ledoji, leda ɗaya ta maƙale a goshin jirgi ta isa ta lalata maka zango. Azumin waɗannan shekarun cikin damina ya riƙa faɗowa. Mu Musulmin ciki Koci yakan mayar mana da horo mai nauyi zuwa gab da magariba, mu fito daga ruwa mu sha ruwa a gaɓa da dabino da kunu, abokanmu Kirista suna zaune tare da mu ana miƙa musu kofi.

A jirgin mutum biyu ana haɗa ɗan dama da ɗan hagu. Abokin tuƙina ɗan ƙabilar Ijaw ne daga Bayelsa, shi a gaba ni a baya. Ba ya jin Hausa, ni kuma Turancin buroka nawa kame-kame ne a lokacin. Bayansa ne ya zama maganarmu. Daga yadda kafaɗarsa ta motsa nake sanin zai ƙara wuta, shi kuma daga nauyin jirgi yake sanin na fara gajiya. Shi ma ɗan masunci ne, shi ma da jirgi yake zuwa makaranta yana yaro. Da mahaifina ya rasu, shi ya raka ni har tashar mota ya cusa mini kuɗi a aljihu, alhali na san bai fi ni samu ba.

Ranar gasa kuwa duniya ce daban. Ana shata layuka da ƙwallayen roba masu yawo a kan ruwa, kowane jirgi da nasa, faɗin mita 9, wanda ya bar layinsa an cire shi. Zangunan su ne mita 200, 500 da 1000. Gwanayen duniya suna cinye mita 200 cikin kusan sakan 40, mita 1000 kuma cikin kusan minti 4. Ni ɗan dogon zango ne. A wurin tashi wani yaro yakan kwanta rubda-ciki ya riƙe wutsiyar jirginka, alƙali yana cewa wannan ya matso, wancan ya ja baya, iska tana ta karkatar da kai, zuciya tana bugawa har cikin kunne. Da an ba da alama, saran farko gajeru ne masu nauyi don a ciro jirgi daga tsaye, sannan a miƙe. Rabin farko kowa jarumi ne. Wajen mita 700 ne ake sanin wanda ya yi horon hunturu da gaskiya: cinya tana ci da wuta, ido yana rufewa, gwiwa ta mutu, ga ihun mutane a gaɓa kana ji sama-sama. A wannan wurin babu abin da yake ceton ka sai sarar da ka maimaita har ta zama jiki. Na ci, an kuma cinye ni. Lambar tagulla ta farko da na samu, Kawu ya rataye ta a rumfa, duk wanda ya zo sayen kifi sai ya nuna masa.

Tsere ne ya kai ni Legas, na ɗanɗana ruwan gishiri, na ga ruwan da yake cika ya janye sau biyu a yini. A can na ga masu tseren jiragen iska, waɗanda hukumarmu ɗaya da su, wato hukumar tuƙi da kwale-kwale da jiragen iska ta ƙasa, wadda Admiral Festus Porbeni mai ritaya ya daɗe yana shugabanta. Su gidansu Legas ne. Kulob ɗinsu na Lagos Yacht Club tun 1932 yake. Na tsaya ina kallon yadda suke tafiya suna fuskantar iska, suna gicciye dama da hagu, mutum ya saƙale ƙafa ya rataya jikinsa a wajen jirgi don kada ya kife. Mu buhunmu na gida iska ta baya kawai ya sani. Wani daga cikinsu ya ɗauke ni zagaye ɗaya, ya riƙa nuna mini duhun da ke gudu a fuskar ruwa, alamar iska na tafe. Wannan karatun na san shi tun a Kainji, sai dai ban taɓa sanin ana cin lambar yabo da shi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne shekarun jira. Gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka faro a 1973, ita ce kasuwar ɗan wasa irina. A nan jiha take ɗaukarka, a nan ake ganinka. Bayan wadda aka yi a Legas a 2012, ba a sake yin ta ba sai Disambar 2018 a Abuja. Waɗannan shekaru 6 su ne ganiyar ƙarfina. Muna ta horo, ana sa rana ana ɗagawa. Wasu suka koma acaba, wasu gadi, masu sa'a suka shiga aikin soja. Abokin tuƙina ya koma gida ya yi aure. Da gasar ta zo har ƙofar gidanmu, gwiwata ta riga ta fara ba ni labari, sai ɗaukar jirage da riƙe agogo na taya da su.

Duk da haka na ga abin da ya faranta mini rai. Jonathan Akinyemi ya kai tutar Najeriya gasar Olamfik ta Landan a 2012 da kayak. Chierika Ukogu ta yi tuƙi a Riyo a 2016. Ayomide Bello, 'yar kanu irina, ta ci zinare a Wasannin Afirka na Rabat a 2019, ta je Tokyo, inda aka fara ba mata damar tseren kanu a Olamfik. A Nuwamban 2023 kuma tafkin Jabi ya karɓi gasar Afirka, wadda ta zama hanyar samun gurbin Olamfik ta Faris, kuma ita Ayomide da Beauty Otuedo suka je Faris ɗin a 2024 a jirgin mutum biyu, zangon mita 500. Ina gaɓa a gasar ta Jabi. Ganin tutocin ƙasashe a kan ruwan da muke tsince leda da hannu ya sa na yi ƙwalla, ban kuma ɓoye ba.

Amma na duba cikin 'yan wasanmu, kamar yadda nake dubawa tun zamanina, 'ya'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba. Ba rashin gwanaye ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon wasannin ruwa na Kabanci a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, ko tseren Nufawa a Pategi, ko Rigatar Yawuri da aka farfaɗo da ita a 'yan shekarun nan ƙarƙashin Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya san akwai yara masu ƙugu da numfashi da sanin ruwa. Har 'yan mata, domin a wajenmu su ma suna tuƙa kansu kasuwa. Ana gama biki a raba kyaututtuka, kowa ya koma komarsa, ba mai rubuta sunan yaron da ya zo na ɗaya. Ni sa'a ce ta haɗa ni da mai ido. Nawa ne irina da ba su taɓa gangarowa Jabi ba?

Akwai wani amfanin da ya fi lambar yabo. Darasin farko a Jabi shi ne yadda ake kifewa a fito, kuma sabon shiga ba ya taɓa ruwa sai da rigar kariya, ko da kuwa a cikin jirgi aka haife shi. A gida muna ganin sa wannan riga gazawa ce, muna taƙama da cewa iya ruwa fid da kai. To, fid da kai ɗin ne kawai. Ba ya fid da mace mai goyo da ke zaune kusa da kai. A Mayun 2021 jirgin 'yan kasuwa ya kife a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, a masarautarmu, aka yi asarar rayuka masu yawan gaske. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Pategi suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu. Yaron da ya saba da rigar kariya da ƙidayar mutane kafin a tashi, in ya girma ya zama matuƙin fasinja, ba zai yarda a yi masa lodin da ya wuce kima ba.

Don haka nake roƙon masarautar Yawuri da ta Argungu, da gwamnatocin Kebbi da Neja, da hukumar wasan ta ƙasa: a Rigata mai zuwa a auna mita 200 a bakin Yelwa, a kawo agogo da jiragen tsere ko da tsofaffi ne, a zaɓi yara 'yan shekara 12 zuwa 14, a nemi yardar iyayensu, a ba su mai horarwa da zai zauna da su duk shekara. Waɗanda suka yi fice a kawo su Jabi lokacin hutun makaranta. Ni gwiwata ta daina ɗaukar tsere, amma ina iya koyarwa da facin jirgi, kuma duk ranar da aka kira ni zan zo.